Kakar Wasan da Na Rufa wa Rochelle Asiri

Shekara shida ina miƙa wa Rochelle Pruitt ƙwallo ta tsakanin ƙafafuna. Ni ce a tsakiyar layi, ita ce mai jifa, a ƙungiyar ƙwallon zari-ruga irin na Amurka ta mata mai suna Walƙiya, da ke garin Youngstown. Ranakun aiki tana tuƙa motar 'yan makaranta, ni kuma ina aikin jinya a gidan tsofaffi. Ran Asabar sai mu sa hular kwano mu shiga filin sakandaren da aka ara mana.

A wasanmu na uku na kakar ƙarshe, a garin Erie, wata ƙatuwa ta kwashe Rochelle ta maka kanta da ƙasa. Ta miƙe tana dariya. Amma da muka haɗa kai don ta faɗa mana dabarar da koci ya aiko, sai ta tsaya tana kallona.

"Yolanda," ta ce ƙasa-ƙasa, "me ya ce?"

"Ja talatin da biyu, ta dama."

Ta maimaita da ƙarfi kamar ita ta tuna. Muka ci wasan.

A wajen ajiye motoci na tare ta. "Shel, ki je asibiti."

"Ke, rufe min baki. Koci Dombrowski na ji zai ajiye ni a benci. To wa zai yi jifa? Tawny? Wadda ko bangon coci aka ce ta jefa sai ta kuskure?"

Na yi dariya, don gaskiya ta faɗa. Mu ashirin da tara muka fara kakar, lokacin saura sha tara: wata ta karye, wata ta samu ciki, wasu aiki ya hana su. In babu Rochelle babu ƙungiya. Ni da nake aikin jinya na san abin da nake gani, amma na yi shiru.

Daga nan na haddace alamun hannun koci kaf, ina raɗa mata. Ta fara yawo da baƙin tabarau ko da hadari. Sau biyu na riƙe mata hula tana amai a bayan kujerun 'yan kallo. Mahaifiyarta, Mama Odessa, ta taɓa jawo ni gefe a bakin ƙofar fili.

"'Yata, me ke damun ƙawarki? Jiya a cikin tanda na tsinci makullinta."

"Gajiya ce kawai, Mama."

Wasan ƙarshe a watan Yuni ne, da 'yan Akron, 'yan kallo ba su kai ɗari ba. Sau uku Rochelle ta jefa wa abokan karawa ƙwallo a hannu. Ana gab da tashi na kasa tare wadda ke gabana, ta wuce ta buge ta. Rochelle ta zauna a kan ciyawa tana tambayata wane gari muke. Aka cinye mu, su maki arba'in, mu shida.

A Agusta hukumar gasar ta cire sunanmu, wai ba mu da isassun 'yan wasa. A Satumba Rochelle ta tsaya da mota cike da yara a mararrabar da ta yi shekara tara tana bi, ta rasa ko hagu za ta yi ko dama. Ranar aka karɓe motar. Likita ya ce bugu na biyu a kan na farko da bai warke ba shi ya yi ɓarnar, da ta huta tun Erie da wataƙila ba a kai nan ba.

Yanzu tana gidan mahaifiyarta, labule a sake don haske na sa mata ciwon kai. Duk Lahadi bayan coci nakan je in karanta mata wasiƙunta. Sauran 'yan ƙungiya sun zo sau ɗaya, biyu, suka daina.

In zan tafi Mama Odessa takan cika min kwano da kaza da ganye, ta riƙe hannuna. "Allah ya yi miki albarka, 'yata. Ke kaɗai ce ba ki yar da ita ba."

Nakan karɓa in ce amin. Har yau ban faɗa mata ba.