Rubutun Levi

Susana ta shigo shagon Bobboi mai buga alluna a Sabon Layi ranar wata Laraba, watanni kaɗan bayan mutane sun fara dawowa Mubi daga gudun hijira. Ta ajiye wayarta a kan tebur. A ciki akwai hoton allon wani shago, dishi-dishi: LEVI DA SUSANA, NIƘA DA SURFE.

Mijinta Levi ne ya rubuta allon da hannunsa a Michika. An ƙone shagon ranar da 'yan bindiga suka shiga garin. Su biyun suka gudu dutse, suka rabu a hanya, kuma har yau ba wanda ya ce ya ga gawarsa. Yanzu ta kama ɗaki a Mubi, ta kafa injin niƙa.

"Irinsa nake so, Malam Bobboi. In ya zo wucewa ya gani, zai san ina ciki."

Bobboi ya ɗora hoton a kwamfuta. Ya ɗauki alƙalamin manhajar zane, ya bi gefen kowane harafi yana dasa ɗigo, yana jan layi daga wannan zuwa wancan. Sai mugun halin masu sana'a ya motsa masa: ba sa iya ganin abu a karkace su ƙyale shi. Ya share ɗigon da suka yi yawa, ya miƙe ƙafar N, ya goge cikin S har ya yi sumul.

"Mama, zo ki ga aiki."

Ta daɗe tana kallo.

"Wannan allon banki ne?"

"Gyara miki na yi."

"Wa ya aike ka? Bel ɗin inji ya cinye wa Levi yatsu biyu. S ɗinsa kullum kamar zai kife. Wannan ko ni sai in wuce shi ban waiga ba."

Bobboi ya mayar da aikin baya. Susana ta jawo benci ta zauna kusa da shi.

"Nan ya fi kauri. A'a, ja shi ƙasa. Nan fenti ne ya zubo, bar shi."

Yana kama ɗigo ɗaya bayan ɗaya, yana karkata abin da ya miƙe, har aka kira azahar. A ƙarshe S ɗin ya sunkuya yadda ta san shi. Ta ɗora yatsa a kan gilashin kwamfutar.

"Wane girma za a buga, Mama?"

"Wanda za a iya karantawa daga cikin motar Michika, ko tana gudu."