Layi na Huɗu

Ƙarfe bakwai daidai firintar da ke kan kantar kicin ta fara ƙara. Ni da Gwen muka kalli juna. Mahaifinta, maƙwabcina Mista Arvo Lahti, ya rasu jiya da la'asar a asibiti nan Duluth, kuma babu wanda ya tuna da firintar.

Misis Lahti ta fito da rigar barci, ta zare takardar kamar yadda ta saba, ta karanta a fili.

"Marlis, yau Laraba ce. Maganinki yana cikin shuɗin gwangwani. Kada ki kunna murhu. Ina ɗakin ƙasa ina aiki, in kina nemana ki buga bututu. Arvo."

Ta ɗauki cokali ta buga bututun ɗumama gida sau uku, ta karkata kai tana jiran amsa. Jiya sau biyu Gwen ta gaya mata rasuwar, sau biyun tana kuka kamar yanzu ta fara ji. Yau babu abin da ya rage mata a kai.

Gwen ta ja ni bakin ƙofa. Ta ce in sauka ɗakin da ke ƙarƙashin gidan in zare wayar wutar injin nan mai aiko takardar kafin ya haukata ta.

Na ce, "In na zare, gobe wa zai gaya mata maganin?"

Gwen aikin jinya take yi a can garin Fargo, ran Lahadi dole ta koma. Mai kula da tsohuwar ba ta zuwa sai ƙarfe tara, gidan tsofaffi kuma sun ce babu gado sai bazara.

Ni ba mutumin da ake dogara da shi ba ne, kowa a layinmu ya sani. Na bar makaranta saura shekara ɗaya in gama. Na yi wankin mota sati uku, na yi kai abinci gida-gida wata biyu. Bara na ga tallar aikin da ke neman wanda ya iya Unix, wani tsarin sarrafa kwamfuta, na fara kallon bidiyo a waya, ban gane komai ba. Ina kwashe wa Mista Lahti dusar ƙanƙara a ƙofar gida na yi masa ƙorafin. Ya jingina da shebur ya ce shekara arba'in ya yi yana kula da irin waɗannan injuna a kamfanin jiragen dakon ƙarfe. In ina so, in sauko ɗakin ƙasa ya koya mini.

Tsohuwar kwamfuta ce, baƙin allo, ɗan ɗigon haske yana ƙyaftawa. Na tambayi inda linzaminta yake, ya ce ya jefar tun kafin a haife ni. Ya koya mini in rubuta ls in ga abin da ke ciki, in rubuta man in karanta bayanin kowane umarni da kaina. In na tambaye shi abu, sai ya nuna allon da kofin kofinsa.

"Karanta, sarkin gaggawa. Wannan ba ta tambayarka ko ka tabbata. Ka ce ta goge, ta goge."

Muna cikin darasi bututu zai yi ƙara sau uku. Ba tare da ya ɗago ba zai ɗauki sufana ya buga sau biyu, sai mu ji takun matarsa ya yi falo.

Sati uku da suka wuce, ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga, ya buɗe mini wani ɗan fayil. Shi ne takardar safe. Ya nuna mini yadda ya tsara injin ya riƙa saka ranar da kansa yana aika wa firinta kullum ƙarfe bakwai, ko yana nan ko ba ya nan.

"Layi na huɗu," ya ce. "Kai za ka canza shi."

"In rubuta me?"

"Shekara biyu ina tunani, yaro. Da na sani da na rubuta."

Ban gaya masa cewa ɗan kawuna ya samo mini aiki a rijiyoyin mai na Dakota ba, kuma bayan sati uku da 'yan kwanaki, wato ran Litinin ɗin nan mai zuwa, za mu tafi. Na ce to kawai.

Da hantsi na sauka ɗakin ƙasa ni kaɗai. Rigar sanyinsa tana rataye a bayan kujera. Na rubuta who, umarnin da ke nuna wanda ke kan injin. Sunansa ya fito, arvo, tun safiyar Talata bai fita ba.

Na buɗe fayil ɗin. Na rubuta cewa Arvo ya rasu ran Talata. Na hango ta tsaye da rigar barci tana karanta wannan kullum har bazara, na goge. Na rubuta ya tafi kanti zai dawo, na tuna za ta iya saka takalmi ta bi shi cikin ƙanƙara, na goge. Wayata ta yi ƙara, ɗan kawuna yana tambaya ko na haɗa kaya. Na kife ta a tebur.

Abin da na bari, da sunana a ciki, shi ne: Dustin na maƙwabta yana ɗakin ƙasa, in kina son wani abu ki buga bututu. Sunan da ke ƙarshen takardar ban iya taɓa shi ba.

Gwen ta karanta a kan allon. Ta tambaye ni ko na san abin da na ɗauko, ƙarfe bakwai na kowace safiya. Na ce ban sani ba. Har yanzu ban amsa wa ɗan kawuna ba.

Ran Alhamis bakwai saura na riga na zauna a kujerarsa. Na ji ƙarar firinta ta cikin rufi, na ji takunta, na ji muryarta tana karantawa amma kalmomin ba su iso ni ba. Sai bututu, sau uku.

Na ɗauki sufanar na buga sau biyu.

Ƙofar bene ta ɗan buɗe, hasken kicin ya sauko kan matakala.

"Arvo," ta ce, "kofinka zai huce."

Na zauna da sufanar a hannu. A kan allo ɗigon hasken yana ta ƙyaftawa.