Irin Barkonon Kande

"Takarda takarda ce, Malam. Soja bai san bambancin sunan barkono da ayar Alƙur'ani ba."

"Sunan iri kawai ke jiki," in ji Yahaya.

"To, in sun zo ka karanta musu. Ka ce, ranka ya daɗe, wannan attaruhu ne. Kafin ka kai ƙarshe sun ɗaure ka."

Matarsa Kande ta dire tukunyar irin barkonon a gabansa. Ƙulli huɗu ne a ciki, kowanne a nannaɗe cikin takarda mai rubutun ajami, an ɗaure da zare. Mako uku ke nan da faɗan da aka yi a ƙarshen azumi, lokacin da bayi da 'yantattu Musulmi suka fito da takubba a titunan birnin Salvador, nan ƙetaren teku inda aka kawo su bauta, aka murƙushe su. Tun daga ranar sojoji ke bin gidajen baƙaƙe ɗaki ɗaki. Wanda aka samu da allo, ko laya, ko guntun takarda mai rubutun Larabci, sai kurkuku da bulala. Yau unguwarsu ta Barroquinha aka shigo, tun da hantsi.

Yahaya bai fita faɗan ba. Zazzaɓi ya kwantar da shi. Washegari ya ƙona allonsa da hannunsa, ya koma aikinsa na ɗaukar Turawa a kujera daga bakin ruwa zuwa tudu, bai ce wa kowa uffan ba. Takardun da aka ƙulle irin barkonon ne kaɗai suka rage.

"In aka kwance su, za su gauraye," ya ce. "Shekara tara kina raba su."

"Ni na raba su, ba alƙalaminka ba."

Gaskiyarta. Bayan ɗakin nasu ɗan fili ne da bai fi shimfiɗar tabarma uku ba, amma duk shekara kafin ruwa ya sauka sai ta shuka iri huɗu a fasassun tukwane, kowane a kusurwarsa don kada su lalata juna. Tattasai don jan miya. Attaruhu don matan Yarabawa masu suyar ƙosai, waɗanda in ba su ji ƙamshinsa ba ko kallon tire ba sa yi. Malageta na mutanen ƙasar, wanda kuyangin Turawa ke saya su jiƙa a ruwan lemun tsami. Sai tsiduhu, ɗan mitsitsi, wanda ba ta sayar wa kowa. Shi take dakawa yaji da citta, su barbaɗa a rogo, ido na ruwa, baki na tuna Zazzau.

"Sauran duk ana samu a kasuwa," ta kan ce. "Wannan kuwa sai gidan Kande."

Daga ƙasan layi aka ji ƙarar bugun ƙofa da gindin bindiga. Wani kare ya yi haushi, aka buge shi ya yi shiru.

Yahaya ya daɗe yana kallon tukunyar.

"Miƙo ƙwarya," ya ce. "Ni na ɗaure, ni zan kwance. Ke leƙa ki ga inda suka kai."

Ta miƙa masa ƙwarya, ta tura itace cikin murhu, ta fita.

A bakin layi ta tarar da maƙwabciyarta Jummai mai wanki, ɗaurin wanki a ka, ta kasa gaba ta kasa baya.

"Gida nawa ya rage?"

"Uku, Yaya Kande. Sun farke katifar tsohon nan mai aski. Har cikin tukunyar wake suka sa hannu." Jummai ta rage murya. "Maza kuwa tuɓe su suke yi a tsakar titi. Hula, wuyan riga, bakin wando, ba abin da suke bari. Ku kun gyara?"

"Mu me gare mu? Barkono. In suna so in ɗiba musu, su shafa a ido."

"Ke dai bakinki!"

"Shi ya ciyar da ni har yau."

Ta koma ciki da ƙarfinta. Ɗakin na warin ƙonanniyar takarda. Baƙin toka na kwance a kan garwashi, zare na hayaƙi a gefe. Ƙwaryar na kan tabarma, iri a cikinta, fari-fari. Yahaya ya sa rigar aikinsa, ya ɗora hula, yana tsaye jikin bango.

"Madalla," ta ce. "Yanzu ka zama mijin mai barkono, ba malamin kowa ba. Zauna mana, tsayuwar nan ta marasa gaskiya ce."

Bai zauna ba.

Ta ja ƙwaryar zuwa hasken ƙofa, ta durƙusa. Gara sojoji su tarar da mace tana aikinta. Ta zuba irin a faifai, ta baza da yatsa.

"Zo ka ga karatun da ba a kama mutum a kansa. Wannan mai faɗin, fari tas, tattasai ne. Wannan mai lanƙwasasshen baki kamar kunnen tsohuwa, attaruhu. Ga malageta nan, ɗan siriri." Yatsanta na tafiya, tana ware su tuli tuli. "Ko a duhu aka tashe ni zan..."

Ta tsaya.

Ta sake bazawa. Ta bi gefen faifai, ta duba cikin ƙwarya, ta kife ta ta buga. Irin tsiduhu ƙanana ne, kuma sun fi sauran duhu, don a kan hayaƙi take shanya su. Ta ɗauki mafi ƙanƙanta da ta gani ta ɗora a harshe, ta tauna. Malageta ne.

Tuli uku ne a faifai.

A nan ta tuna. Bara da aka zo ɗaure iri, hannun Yahaya ya kumbura da ɗaukar kujera. Uku ya iya rubutawa. Na huɗun malaminsa ne ya karɓi alƙalami ya rubuta, Malam Idirisu, yana dariya yana cewa barkonon da ya sa shi kuka ya cancanci hannun babba. Malam Idirisu ya faɗi a filin da ke gaban gidan wasan kwaikwayo ranar faɗan. Ba su ga gawarsa ba, balle kabari.

Ta ɗaga kai. Yahaya na kallon ƙofa. Hularsa ta zauna daram, ya danna ta har gira, shi da kullum yake ture ta ƙeya, kamar mai ɓoye wani abu a cikinta.

Takalma suka tsaya a ƙofar Jummai. Aka ji muryarta tana rantsuwa da harshen Turawa, ɗaurin wanki ya faɗi ƙasa. Bango ɗaya ne tsakaninsu.

Kande ta miƙe a hankali. Wutar murhu ba ta mutu ba, taku biyu ne daga inda yake tsaye. Ta matsa kusa da shi har tana jin numfashinsa, ta buɗe tafin hannunta a gabansa.

"Malam," ta ce, can ƙasa. "Ina tsiduhuna?"