Kwalba Mai Koren Murfi

Saura mutum uku layi ya zo kansa Kafinta ya ɗaga kai ya ga wadda ke zaune a tagar ɗakin gwaji. Matar ɗansa ce, sanye da farar riga da safar hannu, tana karɓar kwalabe tana manna musu takarda. Ya dafe aljihun da ya saka ƙaramar kwalba mai koren murfi, naɗe cikin leda biyu, ya zame daga layin kamar wanda ya tuna bai kulle shago ba.

Ya san a asibitin unguwa take aiki, amma a zatonsa can ciki take, wurin na'urori. Wa ya gaya masa yau ita ce a taga? Shekara shida tana gidan ɗansa, ko ruwa bai taɓa sha a gabanta ba. Yau kuma a ce ya miƙa mata bayan gidansa hannu da hannu? Allah ya kiyaye.

Wata huɗu ke nan da rasuwar ƙaninsa, mai walda. Shekara biyu yana ganin jini in ya zaga, yana cewa basir ne, yana ɗirkar jiƙe-jiƙen masu talla a tasha. Ko da aka kai shi asibiti, ciwon dajin hanji ya riga ya kai hanta. Shi ne na uku da ciwon ya kashe a layinsu cikin shekara biyu, bayan mai wanki da wata malamar makaranta. Likita ya tara 'yan'uwa ya ce musu ciwon kan bi jini, kuma in an kama shi da wuri ana warkewa. Daga nan asibiti ya fara raba kwalaben gwajin bayan gida kyauta ga duk wanda ya haura arba'in da biyar. Kafinta ya karɓi tasa don kada a ce ya ƙi, ya jefa ta cikin akwatin ƙusoshi.

Sai ga shi sati uku da suka wuce shi ma ya ga jini. Bai faɗa wa kowa ba, har uwar 'ya'yansa. Da wando ya fara yi masa yawa, ƙusa ya ɗauka ya huda wa bel ɗinsa sabon rami.

Daga asibitin unguwa ya wuce tasha ya hau bas zuwa babban asibiti, can ƙarshen gari, inda ba wanda ya san fuskarsa. Motar ta cika maƙil. Duk wanda ya matso sai ya kare aljihunsa da gwiwar hannu.

"Baba, saki jikinka," in ji kwandasta. "Ko zinariya ka ɗauko ai ba ɓarawo a motata."

Mutane suka yi dariya. Shi bai yi ba.

A babban asibiti ya yi awa biyu a kan benci kafin ya isa gaban magatakarda. Mutumin ya dubi koren murfin, ya tura masa kwalbar baya da bakin biro.

"Ai Baba, wahalar banza ka yi. Duk kwalaben wannan gwajin asibitin unguwarku muke aikawa, can na'urar take. Motar yau kuwa ta tafi tun sha biyu."

"Ba za ku ajiye ba har gobe?"

"Ba mu da wurin ajiya. Ka mayar da kanka. Ƙarfe huɗu suke rufewa."

Ya fito ya kama hanya. A bakin tasha wani mai magani ya buɗe bayan mota, lasifika na ta zuba: basir mai tsiro, basir mai jini, kwana uku ka manta da shi. Kafinta ya tsaya. Wallahi maganar ta yi masa daɗi. Ba layi, ba tambaya, ba suruka. Ga kwata nan kusa da ƙafarsa. In ya saki kwalbar ba mai cewa ya gani.

Ya ciro ta har ya riƙe a tafin hannu. Sai ya tuna watan ƙarshe na ƙaninsa, lokacin da shi ke ɗaukarsa zuwa banɗaki, ƙaton mutum mai lanƙwasa ƙarfe ya koma bai fi nauyin falanki ba. Ranar farko da ya wanke shi, ƙanin ya rufe fuska da hannu biyu ya ce, "Yaya, abin da na ɓoye wa likita ɗaya, ga shi yau kowa na gani."

Tsoro ya kama Kafinta, tsoro na gaske, irin wanda bai ji ba ko ranar rasuwar. Ya mayar da kwalbar aljihu ya hau bas.

Cunkoso ya riƙe su a hanya. Da ya isa, benci duk ba kowa, mai shara har ta fara wanke daɓe. Amma tagar a buɗe take, surukarsa na zaune, kanta a sunkuye kan takarda.

Ya yi sallama ciki-ciki. Ta amsa ba ta ɗago ba.

"Sannu da zuwa. A ajiye a cikin tire."

Ya ajiye. Muryarta irin wadda take yi wa kowa ce, kamar ba ta taɓa ganinsa ba, kuma ya ji daɗin hakan har cikin ransa.

"Shekaru nawa?"

"Hamsin da takwas."

"Akwai wanda ya taɓa yin ciwon a dangi?"

Ta sani sarai, ita ta riƙa kai wa marigayin abinci asibiti. Amma ya amsa, "Ƙanina."

"An taɓa ganin jini?"

Tun a bas ya shirya cewa a'a. Ya dubi tire, ya dubi hannunsa mai kanta.

"Sati uku ke nan," ya ce. "Kuma ina ramewa."

Biron ya tsaya. Ta ja jan layi a saman takardar, sannan ta ɗago ta dube shi ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Baba, wannan ya wuce kwalba. Gobe likita zai gan ka, a sa ranar duba hanjin da na'ura. Ba lallai shi ne ba, amma ba za mu zauna jira ba. Ni zan raka ka."

"Kada ki faɗa wa mijinki tukuna."

"Aikina ya hana ni faɗa. Kai za ka faɗa masa, Baba. Da Mama."

Ya gyaɗa kai. Ya juya zai tafi, idonsa ya sauka kan agogon bango. Biyar saura kwata.

"An ce mini ƙarfe huɗu kuke rufewa."

Ta miƙe tana cire safar hannu, ta sake sunkuyar da kai kamar yadda ta saba a gida.

"Na gan ka a layi da safe, Baba," ta ce, sannan ta ja tagar ta rufe.