Alamar fensir a bangon gabas

Tun ana kiran ginin ma'ajiyar jirgin ƙasa, kafin a mai da shi gidan adana zane-zane, bangon gabas na babban zaure yake da tsaga. Duk Litinin tsohon magini mai kula da gidan, wanda kowa ke ce wa Kawu, yakan ja layin fensir inda tsagar ta tsaya, ya rubuta kwanan wata. Shekara goma sha tara layukan suna kusa da juna kamar haƙoran mataji. Bana suka fara yin tazara.

Da bikin cikar ginin shekara ɗari ya matso, aka kawo masu fenti. Kawu ya dawo daga jinya ya tarar da bangon fari fat, an rataya zane mafi girma a gidan, mai firam ɗin ƙarfe, daidai kan tsagar.

"Ina layukana?"

"Wannan zanen yaran? Kawu, mun rufa maka asiri," in ji shugaban masu fenti yana dariya.

Ya je wurin Darakta. Ta saurare shi tana duba jerin baƙi.

"Injiniya ya gani, ya ce lafiya lau."

"Ranki ya daɗe, fenti ya gani."

"Bayan biki, Kawu."

A ƙarƙashin zanen nan 'yarsa, mai yi wa baƙi bayani, za ta tsaya sau shida a rana. Har an manna mata alama a ƙasa.

Ranar bikin da safe ya iske mai shara durƙushe a gindin bangon.

"Kawu, wa ke zubo mini farin gari nan? Kwana biyar kullum sai na kwashe, yau har cikin tafi biyu."

Ya zura hannu bayan firam, ya lalubo tsagar, ya sa fensirinsa. Da can bakin fensirin kaɗai ke shiga. Yau ya shige duka, suka ji faɗuwarsa can cikin bango.

"Fita, 'yar'uwa."

Ya bi bayanta suka fita, ya ja ƙofar zauren, ya murɗa makulli, ya jefa shi ta taga cikin kwalbati. Baƙi sun fara hawowa, muryar 'yarsa a gaba.

"Baba, buɗe mana! Me kake yi haka?"

Ya jingina bayansa da ƙofar. A ciki, wani abu yana zuba a hankali, kamar yashi a kwano.