Ranar da Mashaya Ke Buɗewa

Busha'ib ya tare jar tasi, ya leƙa ta taga, sai ya kasa faɗin inda za shi. Akwai fasinja a baya, wata dattijuwa rungume da farantin kayan Sallah.

"Ina zuwa, ɗan'uwa?" in ji direban. "Ba ka jin ham da ake mini?"

Wata ma'aikaciyar jinya ce ta kwatanta masa wurin cikin azumi, ran da ya je asibiti: wani ɗaki a saman bene, inda masu son barin giya ke haɗuwa da la'asar. Amma a Kasablanka ba a faɗa wa direba lambar gida, da sanannen wuri ake kwatance. Shi kuwa wuri ɗaya ya sani a layin da benen yake.

"Mashayar Tauraro," ya ce.

Direban ya kwashe da dariya. "Barka da Sallah ta biyu! Shiga, kada a riga ka kujera."

Dattijuwar ta yi istigfari, ta ja jallabiyarta gefe. Abin bai dami Busha'ib ba. Da ainihin wurin ya faɗa, da ya fi jin kunya.

Duk shekara yakan ajiye kwalba tun cikin Sha'aban, kamar abokansa, don azumi ya same shi da tsarki. Duk shekara kuma, ranar da mashaya ta buɗe bayan Sallah, yana kan teburinsa. Bana matarsa Zuhur ta tafi garin Sattat da 'yarsu, yin Sallah a gidan iyayenta, ta tafi har da keken ɗinkinta. Ta ce in ya koma wa giya, ba za ta dawo ba. Ba ta ko ɗaga murya ba.

Wayarsa ta yi ƙara. Larbi ne, abokin shansa.

"Kana ina, waliyyi? An goge teburinmu, ga zaitun, ga soyayyen kifi."

"Ina hanya."

"Hanyar ina?"

Ya katse kiran.

Direban ya sauke shi daidai ƙofar mashayar. Warin wurin ya fito har titi. Busha'ib ya tsallaka da sauri, ya shiga benen da ke kallonta, ya hau rabi, ya sauko. Ya sayi karan taba ɗaya a bakin ƙofa, ya kunna, ya yar. Ya sake hawa.

Ɗakin cike yake, wasu ma a tsaye. Wani tsoho mai gilashi yana zuba shayin na'ana'a daga sama. Ya miƙo masa kofi tun bai ce komai ba.

"Sunana Mbarak. Sunan fari kawai muke so, na babanka ka bar shi a aljihu."

"Busha'ib. Amma Baba, ni dubawa kawai na zo yi. Ni ba kamar... Ina iya bari. Duk shekara ina bari, tun Sha'aban."

Dariya ta zagaye ɗakin, ba ta mugunta ba. Wata mata mai gajeren gashi ta ɗaga hannu. "Ni tun Rajab."

"Ni har itikafi nake shiga," in ji wani.

"Malam Busha'ib," tsohon ya ce, "a Ramadan duk garin nan waliyyai ne. Mu labarin Shawwal muke tambaya. Zauna."

Ya zauna a kujerar da wani ya bar masa. Mutane suka yi magana ɗaya bayan ɗaya, ba mai katse wani, ba mai yin wa'azi. Wani direban bas ya ce ya zagaya layin nan sau da yawa yau kafin ya hau. Ta taga ana jin kiɗa da ƙarar kwalabe daga tsallake. Da layi ya zo kan Busha'ib, ya ce, "Matata ta tafi da keken ɗinkinta." Ya tsaya nan. Aka ce, "Mun gode, Busha'ib," aka wuce.

Taron ya tashi kafin magariba. Aka naɗe kujeru, aka yi ta sauka bibbiyu. Busha'ib ya leƙa ta taga. Larbi na tsaye a ƙofar mashayar, waya a kunne, yana duban titi hagu da dama. Ba wata hanyar fita daga benen sai ta gabansa.

"Baba, wa ke wanke kofunan nan?"

"Wanda ya ga dama."

Ya naɗe hannun riga. Ya wanke su ɗaya ɗaya, ya ɗauraye, ya goge, ya jera. Ya wanke butar shayin ciki da waje. Da ya gama, ya tsaya yana kallon famfo, wayar na motsi a aljihunsa.

Mbarak, wanda ya riga ya fito da makulli, ya dube shi. Ya mayar da makullin aljihu, ya buɗe kabad, ya sauko da wani tire cike da kofuna masu ƙyalli.

"Waɗannan ma," ya ce, "ban yarda da wanda ya wanke su ba."