Katangar da Muka Yi wa Teku

Jiya da dare na yi wani mafarki, a cikinsa duk nahiyar nan babu wanda ya kai ni sanin teku. Ban taɓa ganin teku ba, amma ina da takardu.

Wani ƙaramin tsibiri ne mai yawan kwakwa. Ruwan sama a can daga ƙasa yake tasowa, shi ya sa kowa ke tafe a kan laimarsa. Ofishin tallafa wa bincike yana hannun wani bunsuru mai tabarau. Na miƙa masa takardar neman kuɗi, shafi tamanin, kan yadda za a keɓe wa kifaye wurin da ba mai taɓa su. Ya tauna ta a natse, har bango.

"An amince," in ji shi. "Amma aikin na haɗin gwiwa ne. Ina ɗan gari?"

Aka kawo Iya Tabawa, wata tsohuwa mai jefa komar kamun kifi a bakin gaɓa. Da wannan komar take ci da jikoki uku. Aka rataya mata kati a wuya.

Sai ga mu a zauren taro, jami'o'i bakwai. Kwana tara muka yi muna gabatar da manyan baƙi. An gayyaci kifi ɗaya ya wakilci sauran, aka zaunar da shi a babban tebur. Bai ce uffan ba, aka rubuta ya gamsu. Bayan azahar ba a ƙara ganinsa ba, amma miya ta yi daɗi.

Shugaban kwamitinmu, Farfesa Makama, ya miƙe ya gyara babbar riga.

"A garinmu," ya ce, "filin da ba a kewaye ba, wayewar gari za a yi a ga wani ya haƙa tushe."

Aka yi tafi. Muka yanke shawarar yi wa teku katanga.

Bulo dubu arba'in muka jera a tsakiyar ruwa. Duk suka nutse ba gardama.

Iya Tabawa ta ja hannun rigata, ta nuna wasu manyan jirage can nesa.

"Ɗana, waɗancan ne ke kwashe kifin, har da ƙwai."

"Iya, can ƙafa ba ta taɓa ƙasa. Bincike yana tsayawa ne inda mai bincike zai iya tsayawa."

"To, ku ne masu ilimi."

Muka dawo bakin gaɓa, inda ruwa ke iya gwiwa, daidai wurin da take jefa koma. Nan katanga ta tsaya ƙyam. Muka dasa fasassun kwalabe a kanta, muka ɗauki ƙaguwa aikin gadi, Farfesa da kansa ya rubuta da jan fenti: WANNAN TEKU BA NA SAYARWA BA NE. Jiragen suka aiko da saƙon taya murna da kalanda.

Ranar rufe taro kuɗi suka ƙare. Bunsuru ya bi ƙa'ida, ya ce ciyar da baƙi gudummawar ɗan gari ce. Iya Tabawa ta sauko da bandar kifin da ta ajiye don damina, ta dafa mana. Mu sittin ne, wasu sun ƙara.

Da ta zuba mini nawa, ta tambaya a hankali, "Gobe ina zan jefa koma?"

"Za mu sa wannan cikin shawarwari, Iya."

Ta gyaɗa kai. Ta ninke komar, ta miƙa wa ƙaguwa, ƙaguwa ta ba ta rasit. Farfesa ya karrama ta da takardar yabo mai kauri. Ta juya ta gaba da baya, ta durƙusa ta shiga fifita garwashi da ita, don akwai waɗanda ba su samu ba tukuna.

Ina cire ƙaya daga haƙori sai na ji ana buga katangar daga waje, ƙwas, ƙwas. Na buɗe ido. Mai ruwa ne ke buga ƙyauren gida da murfin jarka. Na ji matata ta fita, ta sallame shi, ta dawo ta shiga hura wuta.